Audugar da Ta Ƙi Kaɗuwa

Rurum Tsohon Gari,
Maris, 2003.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya zaman Kano? Inna da 'yarka Dije suna lafiya, sai zafin bazara da ya sa mu gaba.

Abokin aikinka Ramalan ya kawo ƙunshin audugar kamfaninku, wadda ka ce a shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon ɗakin Inna don ta tare zafi. Ya ce kada a taɓa, zai dawo ya ɗora da kansa. Allah ya ƙara buɗi.

Amma ni ba auduga ce a raina ba. Malam, me muka yi maka? Tun da ka kama aikin nan, in ka zo gida Dije ta taho da gudu, sai ka ja da baya ka ce ta bari ka yi wanka. Yarinya da ubanta! Kayanka ka hana ni wankewa, ka ƙulle su a leda ka rataye can nesa. Na yi ta cewa gajiya ce, har na gaji da yi wa kaina ƙarya. In zaman birni ne ya sa muka yi maka ƙauyanci, gara ka faɗa mini. Wallahi abin yana ci mini rai, kuma Dije ta daina tambayar ranar zuwanka.

Taka,
Lubabatu.

Rurum Tsohon Gari,
Afrilu, 2003.

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An yi zaɓe a nan lami lafiya.

Ka san Inna da auduga. Ta ce tun tana budurwa take kaɗi, ba ta taɓa jin an jibge auduga a saman ɗaki ba alhali mutane na neman riga. Ina can wajen suna a Tarai ta farke ƙunshin, ta ɗauko mazarinta, wai za ta kaɗa maka zaren riga. Zare ya ce bai san zance ba, tana ja yana karyewa. Na dawo na tarar hannuwanta sun yi jajur, tana susa har wuya, ga tari. Ni ma da na kwashe, sai na ji kamar na kwanta cikin ƙaiƙayin gero. Kada ka tada hankalinka, an duba ta a asibiti, ta warware.

Da Ramalan ya zo ya ji, sai da ya yi salati. Ya ce wannan ba a gona take fitowa ba. Yashi ne da fasassun kwalabe ake narkarwa, inji ya feso su siri-siri, a sa musu gam a gasa. Ya ce kai a wajen yanka audugar kake, inda ƙurarta ta fi tashi, kuma duk da safar hannu da takunkumi sai ta maƙale a kaya.

Inna ta dubi hannuwanta. Can ta ce ita taɓawar yini guda ta ji haka, to ɗanta da yake wuni a ciki kullum fa?

Ni kuwa ɗaki na shige na sha kukana. Ashe ƙaiƙayin nan kake tare mana. Ka yafe mini waccan wasiƙar. Amma kai ma da naka, Malam, wannan zurfin ciki har ina? Da ka buɗe baki ai da ban ɗora wa birni laifi ba.

Ramalan ya ɗora audugar, ɗakin Inna ya yi sanyi kamar gindin randa. Tana kwanciya ta kalli sama ta yi ta sa maka albarka.

Na yi wa Dije bayani daidai hankalinta. Jiya ta ɗauke soso da sabulu ta ɓoye a kwallata. Ta ce ranar da za ka zo ita za ta kai maka ruwan wanka da kanta, don ka yi sauri ka fito ka ɗauke ta.

Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Lubabatu.