Taragon shanyarki ya koma bakin aiki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, ina sanar da ke cikin alhini cewa an ɗauke taragonki. Makon jiya masu gyaran layin dogo suka zuba masa mai a ƙafafu, suka ja shi ya tafi yana kuka.

Ina nufin shimfiɗaɗɗen nan marar bango marar rufi, da ya shekara da shekaru a yashe a ƙaramar tashar Madobi. Duk rani, in tumatir ya yi wa kasuwar Kura yawa, kikan sa a kai miki kwanduna can. Ki share bayansa, ki yanka, ki baza. Ƙarfen ya ɗau zafi, akuya ba ta iya hawa, yashi bai kai ba. Kauɗarki ja wur, ba a tauna ƙasa a miyarta.

Ni kuwa, da na yi boko, na tsaya ina yi miki lacca. Wai an ƙera shi ne don ɗaukar tarakta da bututu da ƙarafan dogo, abubuwan da ƙofar tarago ba ta shigar da su. Wai ƙasar da ta mai da shi wurin shanya ta lalace. Har jarida na rubuta wa. Ba ki ɗago ba, kika ce, "Malam, in ka gama, miƙo min wuƙar can."

To, addu'ata ta karɓu. An gan shi ɗauke da turakun kankare, yana aikin da littafi ya ce.

Bana motocin kudu ba su ɗauki tumatirina ba. Ni da Yaya Hajara muka yanka, muka baza a kan buhuna a gefen kanal ɗin ban ruwa. Kwana uku ina gadin tumatir da sanda, da furfurata. Ƙasan ya fara baƙi, kuma shi ne miyar gidajenmu biyu har damina. Yaya dai ta tambaye ni ko jaridar tana shanyuwa.

Na gaji, Inna. Ba zafin ranar ba ne, rashin wanda zai ce min in yi shiru ne.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya miki fiye da yadda kika sanyaya mana. Ke ce da gaskiya. Ban san amfanin tarago ba.

Ɗanki,
Sule