Fuskar Inna a Bangon Coci

Napoli, 3 ga Oktoba, 1658

Yaya Porzia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Salerno? Mu nan sai godiya.

Ƙungiyar masu yi wa mamata addu'a ta ba Baba aikin zanen da za a kwafa a bangon cocinsu: Waliyyi Gregorio a durƙushe yana roƙa wa rayukan da ke wutar tsarkakewa sassauci, mala'ika na miƙa musu hannu. Kin san tun annoba hannun Baba ke rawa, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Ni nake riƙe jan allin a ɓoye, don in suka sani aikin ya kuɓuce mana. Shi kuwa yana zaune yana faɗa, wai waliyyina ya yi kama da mai tallan kifi.

Jiya muka saɓa. Na sa fuskar Inna cikin rayukan. Da ya gane ta, ya ce in goge, matarsa ba ta cikin wata wuta. Na tuna masa a rami ɗaya aka binne ta da sauran mamatan annoba, babu Fadan coci, babu addu'a. In tana bango, duk wanda ya shiga zai roƙa mata rahama. Taliyarsa ma har ta huce bai taɓa ba. Ban goge ba, Yaya, amma raina bai kwanta ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Orsola


Napoli, 19 ga Oktoba

Yaya Porzia,

Ina gaisuwa. Yaya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Dattawan ƙungiya sun zo ranar Talata tare da Fada Onofrio. Suka yi ta yabon zanen, wai hannun Baba bai tsufa ba. Ni ina bakin ƙofa, bakina a rufe kamar yadda muka shirya. Sai Fada ya tambayi wace ce matar nan mai ɗaurin kai.

Baba ya ce, "Matata ce, Livia. Kuma ba ni na zana ba, 'yata ce. Nawa hannun ya daɗe da mutuwa."

Don Ascanio, babbansu, ya miƙe, ya ce bai taɓa jin zanen mace a ɗakin Allah ba. Fada ya amsa a hankali cewa ya binne mutane da yawa a annoba, bai ga wanda zai ƙi addu'a don ta biyo ta hannun mace ba. Aka yi ta ja, a ƙarshe uku suka rinjayi biyu. An karɓa.

Da suka tafi, Baba ya daɗe yana kallon takardar zanen. Sannan ya miƙo min allin ya ce, "Matsar da ita kusa da hannun mala'ikan nan. Uwarku ba ta taɓa iya jira ba."

Na matsar da ita.

Baba na gaishe ki, ni ma haka.

Ƙanwarki,
Orsola