Makul ɗin Shimfiɗa da na Bakin Ƙofa

Litinin, 29 ga Maris

Na iso garinmu At-Bashi da la'asar, ƙafafuna kamar ba nawa ba don sanyi. Na sauka gidan Kalipa eje, ƙanwar babana. Tun ban cire takalmi ba ta fara: na rame, birni ya cinye ni, yaushe za a ga miji. Aikin mako biyu ne. In bi gida-gida in tambayi mutane ko sun amince da sabon kundin tsarin mulkin da za a yi wa ƙuri'ar raba gardama, in danna amsar a waya: makul ga wanda ya yarda, karshi ga wanda bai yarda ba, ko kuma bai yanke ba. Shugabanmu Ishenbek agai, wato malam Ishenbek, ya ce wanda aikinsa ya fi kyau shi za a ba kujerar dindindin a ofishin Bishkek, babban birni. Ina son kujerar nan, babu ɓoye-ɓoye. Na gaji da zama wadda ba a tunawa da ita sai zaɓe ya matso.

Laraba, 31 ga Maris

Aiki na tafiya kamar ruwa. Lokacin haihuwar tumaki ne, kowa na gida. Ko'ina na shiga sai an zaunar da ni an kawo burodi da shayi mai madara, don baƙo ba ya fita bai taɓa burodi ba. Ina ci ina karanta tambaya, mai gida ya gyaɗa kai ya ce makul, makul, wato to, to. Kusan tara cikin goma. Agai ya turo saƙo yana yaba mini, har da cewa sauran ma'aikata su yi koyi da ni, Burulai. Na karanta shi ya fi a ƙirga.

Alhamis, 1 ga Afrilu

In na ƙara ganin shayi yau, kuka zan yi.

Asabar, 3 ga Afrilu

Raina a ɓace yake, kuma ban san wa zan ɗora wa laifi ba.

Gidan Jumakadir ata, wato baba Jumakadir, na je, wani tsoho mai tumaki a ƙarshen layi. A kan shimfiɗa ya ce makul tun ban kai ƙarshen tambayar ba, na danna. Ya rako ni bakin ƙofa, na riga na sa waya a aljihu, sai ya tsaya yana gyara igiyar ƙyaure ya ce shi fa abin nan bai kwanta masa ba, ba a tara linzamin dawakin gari duka a hannun mutum ɗaya, ko da ɗan da ka haifa ne. Na ce, to ata, ai yanzu kuka ce kun yarda.

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko dusar ƙanƙara fara ce. Ya ce, "'Yata, kin yi doguwar tafiya da takardar manya, kin ci burodina. A kan shimfiɗata zan ce miki a'a? Makul ɗin ciki na ji ki ne. In ra'ayi kike so, ga ƙofa."

Gidaje nawa ne na fita da irin wannan makul ɗin?

Lahadi, 4 ga Afrilu

Na ba Kalipa eje labari don ta taya ni jin haushi, sai ta yi ta dariya har da share hawaye. Wai ni da aka haifa a ɗakin can ne zan zo ina mamaki. Ta ce shekaranjiya da ta ce in ƙara nama ai makul na ce, kuma ta ga sanda na miƙa wa kare ta ƙarƙashin tebur. Ta ce kalma ɗaya ce muke karɓar gaisuwa da ita, mu sallami mai talla, mu kashe gardamar suruka, sai kuma wasu masu ilimi suka ɗora ta a kan takardar ƙuri'a. Ban so na yi dariya ba, amma na yi.

Talata, 6 ga Afrilu

Na sake salo. A ciki ina tambaya kamar yadda aka koya mana, in adana. In an rako ni ƙofa, sai in sake tambaya, ina ɗaura takalmi, ba na kallon fuskar mutum. Lissafi ya wargaje. Wasu na juyawa karshi, da yawa kuma su ce wallahi ba su san me ke cikin kundin ba. Akwai na gaske kuma: wata mai sayar da madara ta ce makul ciki, ta ce makul waje, ta ƙara da cewa ta gaji da 'yan majalisa masu cacar baki, a ba mutum ɗaya ta san wanda za ta zaga. Ta burge ni. Yanzu aikin ya ninka, ga yatsuna na daskarewa a bakin ƙofofin mutane. Kusan rabi da rabi nake samu.

Laraba, 7 ga Afrilu

Babu saƙon yabo yau.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Agai ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce doka ita ce amsar farko, haka kowa ke yi a duk ƙasar, in kowane ma'aikaci ya ƙirƙiro tasa hanyar ba a san me ake aunawa ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce masa to amsar farko a nan ladabi take aunawa. Sai ya ce in yi tunanin kujerar, akwai masu jiranta. Ya ba ni zuwa gobe.

Na fita garke na tsaya kallon eje tana goge wani ɗan rago da aka haifa. Na tuna Jumakadir ata. A wayata har yanzu yana cikin masu goyon baya, kuma ni na sa shi can.

Juma'a, 9 ga Afrilu

Ya sake kira da hantsi, muna shan shayi. Ya ce, "Burulai, ki share na bakin ƙofar nan, ki turo na farko kaɗai. Kin ji ni?"

Na ce, "Makul, agai." Da murya mai laushi, har na ji ya saki numfashi.

Da ya kashe, na tura duka biyun, kowanne da bayaninsa, zuwa gare shi da sauran masu haɗa rahoto. Ba wata jarumtaka ba ce. Kujerar kam na san ta tafi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba ta dame ni ba.

Eje ta cika mini kofi. Sannan ta ce, "Wannan da kika ba shi, na shimfiɗa ne ko na ƙofa?"

Na ce ta miƙo mini burodi. Saura gidajen bayan masallaci, da azahar zan je.