Ranar Haihuwar Kaka Ta Ƙi Shiga Kwamfuta

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baffa da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai idon Kaka da yake ta ƙara rufewa. Yanzu da murya take gane mu, jiya ma Baba ta kira da sunan mai kawo ruwa.

Goggo, kin san Yaya ya samo min aikin hutu a asibitin ido. Ni da na zaci zan zauna a lungu in ƙarasa littafina, ashe wahala na tarar. An canza musu ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, ni ke bin sunayen marasa lafiya ina gyarawa. Injiniyan da ya haɗa ta ya yi min bayani, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, takalminsa kawai na haddace. Ya ce kowane gurbi da irin abin da yake karɓa: na suna haruffa, na waya lambobi, na kwanan wata kuwa sai shekara, wata da rana, a jere haka. Wai kwamfutar lamba take mayar da ranar ta ajiye, shi ya sa ba ta san damina ko rani ba. Tsohuwar ma'ajiyar komai aka rubuta haɗiyewa take, har da "tsoho ne sosai". Wannan kuwa sai layin ya yi ja, ya tsaya. Wallahi ina rufe ido jan nan nake gani.

To, layin Kaka ma ya yi ja don ba ta san ranar haihuwarta ba, kuma ba a sa mutum a jerin masu jiran aikin ido sai layinsa ya shiga. Likitan ƙarshen wata zai zo. Abin da suka saba, duk tsohon da bai san ranarsa ba sai a ba shi ɗaya ga Janairu. Da na faɗa wa Kaka, sai ta ce ita ba akuya ba ce da za a kora cikin garke, kuma ba za ta je a buɗe mata ido da ƙarya ba. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Daga baya ta kira ni ɗaki, ta ce in dole ne a ƙirƙira, to a sa ranar da ta fara ganin Kakanmu, don daga nan take lissafin kanta. Goggo, sai da na yi hawaye, ko a littafi ban taɓa karanta irin wannan ba. Na tambaye ta wace rana ce. Ta ce Alhamis, ana yayyafi, yana riƙe da keke.

Shekarar haihuwarta Baba ya kintata. Wata da rana nake roƙo. Ke ce babba, ko ta taɓa ba ki labarin? Ko watan kaɗai kika tuna, zan nemo Alhamis a cikinsa. In amsarki ba ta iso ba kafin likita ya zo, zan sa mata Janairun, in ce mata Alhamis ɗin na sa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, amma na fi son ta gan ni tana faɗa.

Ki gaida Baffa, da Anti Ƙarama, da 'Yan Biyu. Umma na gaishe ki.

'Yarki,
Auta