An Ce In Share Rubutun Yayata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna in na faɗa a gida za a ce na zautu.

Ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti. Yayata ce ta fara aikin, ita ta kwashe yawancin sunayen marasa lafiya da bayanansu daga takarda zuwa kwamfuta. Bara ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Shugaban sashenmu ya tausaya mana ya ba ni gurbinta. A kujerarta nake zama, har matashin da ta ɗinka saboda ciwon baya yana nan.

Tsohuwar kwamfutar ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai Yaya ta riƙa sa ɗan waƙafi a sama, ta rubuta k'afa, d'aki, b'ari. Kuma in ta gama bayani ɗigo biyu take sawa maimakon ɗaya, ko a saƙon waya haka take yi, har muna tsokanarta wai bakinta ba ya son rufuwa. Wayata ta faɗa ruwa, saƙonninta duk sun tafi. Yanzu a nan kaɗai nake ganin hannunta.

To an kawo sabon tsari. Injiniya ya nuna min wani umarni: a nemo duk inda aka rubuta k' a mayar da shi ƙ, haka d' da b', a cire ɗigon da ya yi yawa. Danna maɓalli ɗaya ne, kafin shayi ya huce an gama. Anti, na kasa. Da na ɗora yatsa sai in ji ɗakin ya yi sanyi, ƙamshin turarenta ya taso daga matashin nan. Da rana tsaka, in kowa ya fita cin abinci, wallahi ina jin ƙarar danne-danne a bayana, in waiga ba kowa. In na karanta "ya ji sauƙi" da ɗigo biyun nan a ƙarshe, sai in ga kamar tashi ta yi shan ruwa, yanzu za ta dawo ta ƙarasa.

Satin jiya wata mata ta kawo ɗanta yana suma. Na nemi sunansa da ɗ, bai fito ba, a ruɗe na buɗe masa sabon kati. Ashe yana da tsohon kati da Yaya ta rubuta sunansa da d', a ciki an rubuta akwai allurar da jikinsa ba ya so. Allah ya sa uwar ta tuna kafin a yi masa. Shugaba bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi in ba zan iya danna maɓallin ba, zai ba wani aikin. Ina tsoron in danna in sake binne ta, ina kuma tsoron abin da zai faru in ban danna ba. Yaya zan yi?

Ƙanwa mai kewa

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan yayarki da ɗanta, ya ba ki haƙuri. Ba ki zautu ba. Wanda ke wuni a kujerar mamacinsa yana karanta rubutunsa, dole kunne da hanci su riƙa yi masa gizo. Kewa ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Amma shugabanki yana da gaskiya, ke ma kin sani. Yayarki ta sa waƙafin nan ne don a iya gano mara lafiya da irin kayan aikin da take da shi a lokacin. Da tana raye, ita za ta fara danna maɓallin. Yaron nan ya tsira, kada ki jira na biyu.

Gobe ki sami shugaban ki faɗa masa gaskiyar abin da ya tsayar da ke. Ki roƙi injiniya ya adana cikakken kwafin bayanan kafin a taɓa komai. Wannan ƙa'idar aiki ce, kuma hankalinki zai kwanta tunda rubutunta na nan a ajiye. Sai ku gwada a kan kati kaɗan ku duba da ido. Ki kula, harafi da waƙafinsa za ki nema tare. In kika ce a share waƙafi ko'ina, za ki lalata sa'a da ma'aikaci da 'ya'ya. Kada kuma ki ɗauki hoton katin kowa ki kai gida, sirrin mutane amana ne. Ranar aikin ki sa wata abokiyar aiki ta zauna kusa da ke.

Bayan haka ki nemi a sauya miki kujera, matashin ki kai shi gida. Ki zauna da mahaifiyarku ku yi hirar Yaya, ku yi kukanku tare, wataƙila ita ma tana ɓoye nata don kada ta tayar miki da hankali. In jin motsin ya ci gaba ko barci ya gagara, ki ga likita, ga su nan kusa da ke.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa albarka a aikinki.

Antinki