Sabon Fom a Kwamfuta Sha Ɗaya

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Wayyo ƙafafuna. Yau ma zagaye da filash, ɗan abin kwafar fayil ɗin nan. Kwamfuta sha ɗaya ke asibitin nan. Bayanan majinyata duk suna kan sabar, babbar kwamfutar da ke ofishina, amma fom ɗin da ake buɗewa a duba su, kowa da kwafinsa. Ko harafi ɗaya na gyara, sai na bi su ɗaki-ɗaki. Yau jan akwati na ƙara, mai nuna maganin da jikin mutum ba ya so. Goma na yi. Famasi a kulle, Baba Bunu mai ba da magani ya tafi Fika suna. Sai gobe.

Laraba, 10 ga Yuli

Na manta. Wallahi shaf na manta da famasi.

Wata mata daga Dogo Nini. Maganin da likita ya rubuta mata ya ƙare, Baba Bunu ya ba ta makamancinsa, ashe shi ne jikinta ba ya so. Tsohon fom ɗinsa bai nuna masa komai ba. Allah Ya sa katinta na buɗe a gaban Sista Murjanatu, ta ga jan akwatin. Da gudu ta fita, matar har ta shiga Keke Napep. Aka karɓo ledar.

Ba wanda ya yi min faɗa. Da ma sun yi. Sista cewa kawai ta yi, "Mairam, zauna ki sha ruwa."

Alhamis, 11 ga Yuli

Ina wanke kwanuka abin ya faɗo min. Me zai sa ni in kai musu? Su zo su ɗauka mana! In ajiye sabon fom a sabar da lambarsa. Duk wanda ya danna zai buɗe, kwamfutarsa ta fara duba lambar; in ta sabar ta fi tata, ta kwafo sabon, sannan ta buɗe. Da kumfa a hannu na rubuta a bayan kalanda. Inna ta ce ko aljanu ne.

Asabar, 13 ga Yuli

Umarnin da na rubuta wa kwamfuta layi ashirin da uku ne kacal, amma ya ƙi. Ruwan sama tun safe.

Litinin, 15 ga Yuli

Ashe tazara ɗaya ce a sunan fayil! Kwana biyu a kan tazara ɗaya. Na gwada a kwamfutar Ummul-Khair ta ɗakin kati, ya yi. Na sake, ya sake yi. Na rungume ta, ita ba ta ma san dalili ba. Na yi zagayen ƙarshe na sa wa kowa, famasi na fara.

Talata, 16 ga Yuli

Ranar gwaji. Na mayar da saman fom ɗin kore, na rubuta "Barka da asuba", na ɗora a sabar, na zauna ina cin gyaɗa. Ko tashi ban yi ba.

Takwas da kwata sai ga Baba Bunu da kwaɗo a hannu, da Hausarsa ta Barebari: "'Yata, wa ya shiga min ɗaki? Ni na kulle da hannuna!" Na ce Baba, ta waya ya shigo. Ya dubi kwaɗon, ya dube ni. Ya ce to ai shi ke nan, tunda gaisuwa ɓarawon ya bari. Dariya har da hawaye. Daga nan ɗakin gwaji suka kira, sai ɗakin haihuwa. Kwamfuta sha ɗaya cif, duk kore. Alhamdulillahi!

Juma'a, 19 ga Yuli

Matar Dogo Nini ta dawo ganin likita, garau. Na leƙa ta taga na gan ta tana raha da Sista. Ba ta san ni ba. Ya fi.

Laraba, 31 ga Yuli

Gyara huɗu cikin mako biyu, ko takalmi ban sa ba. Likita ya ba ni hutun kwana biyar in je bikin ƙanwata a Kano.

Na zaunar da Ummul-Khair na nuna mata yadda ake ɗora sabo, da yadda ake mayar da tsoho in abu ya lalace. Sau ɗaya ta gani ta yi. Sannan na rubuta mata lambar sirrin sabar. Shekara uku ban taɓa ba kowa ba.

Ta ce, "Anti, kin tabbata?" Na ce ƙwarai.

Ban ji komai ba. To, kaɗan. Na sa filash ɗin a jakar tafiya, na sake ciro shi na bar shi a aljihun tebur.