Sanda Ko Layi

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Allah Ya sa da sauƙi.

Inna, ina cikin tsaka mai wuya. Kin san ni ke zana wa manajan kamfanin ɗinkinmu yawan rigunan da kowane tela ya ɗinka. Kasuwa ta ja baya, ya ce zai sallami mutum ɗaya, kuma zanena zai duba ya zaɓa.

Na fara da zanen sanduna, kowa da tasa, tsawonta gwargwadon aikinsa. Ta Autanki ce gajera, kamar an gutsure ta. Ga kuma matarsa da tsohon ciki. Sai na juya shi zanen layi, mai nuna yadda aikin mutum ke tafiya wata bayan wata. Layin Auta sai hawa yake yi, har na fara murna. Ashe akwai wani layin da ke ta gangarowa, na Kawu, ƙaninki, wanda ya samo mana aikin nan ni da Auta. Idonsa ya raunana, zura zare ma sai an taimaka masa.

Na gwada wayo, na kai zanen da'ira, kowa da ɗan yankinsa, ba a gane babba da ƙarami. Manaja ya ce ba kankana ya aike ni in yanka ba. Sanda ko layi, guda ɗaya yake so. Duka biyun gaskiya ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki ta fari

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin?

Layi na kai. An sallami Kawu, manaja har yabona ya yi. Tun daga ranar, duk na zauna gaban kwamfutar da nake zanen da ita sai in ji ofishin ya matse ni, na fara tunanin ajiye aikin.

Jiya Kawu ya zo gidana. Shi a tunaninsa kwamfuta ce ta zaɓa. Ya dafa kaina, ya sa mini albarka, ya ce in riƙe aikina da hannu biyu, tunda yanzu shi da yaransa ni suke kallo. Na ce to.

Don Allah kada ki gaya masa.

Taki har kullum,
'Yarki